Ya Yafe A Bakin Titi, Ciwon Ya Biyo Shi Gida

Assalamu alaikum Anti Zubaida,

Don Allah ki taimaka min da shawara, kaina ya kulle. Na sha fara rubuta miki wannan saƙo ina gogewa, domin duk sanda na kai tsakiya sai in ga ni kaina ban san abin da nake tambaya ba. Ki yi haƙuri idan maganar ta zo miki a hargitse, haka take a kaina. Sunayen da zan ambata na canza su, kin san Bauchi, kowa ya san kowa.

Ni matar aure ce, muna zaune a Inkil da 'ya'yanmu huɗu. Maigidana kafinta ne, shagonsa yana Fadaman Mada, amma aikin da aka fi saninsa da shi rufin kwano ne. Ni kuma ina ɗan taɓa sana'ar kindirmo da man shanu, daga wajen Innata ake kawo min madarar. Ba mu da yawa, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba, alhamdu lillahi.

Akwai wani dattijo da muke kira Baba Godfrey, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, yana zaune a GRA da matarsa Mama Cecilia. Shekarun baya maigidana ya yi musu rufin gida, daga nan aka saba har muka zama kamar 'yan'uwa. Mama Cecilia ce ta fara sayen kindirmona, ita ta haɗa ni da maƙwabtanta. Da na haifi autarmu Radiyya na sha jinya, ita ta riƙa zama da ni a asibiti tana kawo min kunu. Na gaya miki wannan ne don ki san ba da baƙi muke wannan magana ba, shi ya sa ta yi min nauyi.

A farkon daminar bana iska ta ɗaga musu kwanon ɗakin ajiya. Baba ya kira maigidana, suka kama hanyar kasuwar katako tare, maigidana a gaba kan mashin ɗinsa, Baba yana biye da shi a mota. Daidai wani shataletale sai wani mai keke ya yanko gabansa ba zato. Maigidana ya taka birki, Baba bai ankara ba ya buge shi ta baya. Ya ce min ya ji kansa ya fizgu, sannan ya faɗi a kan kafaɗarsa ta dama. Da kansa ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Kafin ka ce me, jama'a sun taru, wasu matasa sun fara buga motar suna zagin tsohon. Da maigidana ya ga abin zai ɓaci, sai ya ɗaga murya ya ce, “Ku rabu da shi, babana ne. Ba abin da ya same ni, na yafe duniya da lahira.” Haka taron ya watse.

Duk da haka Baba bai yarda ba sai da ya kai shi wani asibitin kuɗi. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce babu karaya, aka ba shi maganin ciwon jiki. Baba ya biya, ya kuma gyara mashin ɗin. Ba wanda ya yi zancen 'yan sanda, me za a je a ce musu? A makon nan ma maigidana ya hau ya gama musu rufin.

Sai da aka yi makonni, har mun manta, sannan wuyansa ya fara ƙagewa. Ya ce mugun kwanciya ne. Na canza masa matashi, na shafa masa man zafi. Ashe daga nan abin ya gangara kafaɗa, ya sauka hannu, babban yatsansa da manuni suna masa kamar ana tsira allura, daga baya suka fara mutuwa. Bai gaya min ba. Mutum ne da aka rena a kan cewa namiji ba ya kukan ciwo, ko ƙusa ta shige masa ƙafa sai dai in ga jini a takalmi. Na fara ganewa ne ranar da kofin shayi ya suɓuce masa, ya tsaya yana kallon hannun kamar ba nasa ba. Ba a daɗe ba guduma ta kuɓuce masa daga saman wani gini, saura kaɗan ta sauka a kan mai ginin. Mutumin ya sallame shi, ya ba wani kafinta aikin. Tun daga ranar bai sake hawa sama ba.

Anti, yanzu maɓallin riga ni ke sa masa. Idan na kai masa abinci sai ya tura ƙofa, don da hagu yake ci, ba ya son yara su gani.

Ba mu zauna ba. An kai shi wajen mai ɗori, ya murɗa masa wuya, ya kwana biyu ba ya iya juyawa. An yi ƙaho, an yi tofi. Daga ƙarshe muka je babban asibiti. Likitan ƙashi ya danna nan ya danna can, ya ce yana zargin wani faifai da ke tsakanin ƙasusuwan wuya ne ya goce yana danne jijiyar da ke zuwa hannu. Ya ce hoton farko ba ya nuna irin wannan, sai an yi wani hoton, wanda ake shigar da mutum cikin na'ura, sannan a san ko gashin ƙashi zai isa ko sai an yi aiki. Na tambaye shi ko hatsarin ne ya jawo. Ya ce zai fi yiwuwa shi ne, amma mutumin da ya yi shekaru yana ɗaukar katako a ka, wuyansa na iya zama ya riga ya gaji, faɗuwar ta zo ta ƙarasa. Na fito daga wajensa ban san ko i ya ce min ko a'a ba.

Hoton nan har yau ba mu yi ba. Karsanar da mahaifina ya ba ni na riga na sayar, ta tafi a magani da cefane.

To ga inda na shigo da kaina cikin rigima. Wata rana na kai wa Mama Cecilia kindirmo, ta kalle ni ta ce me ya same ni na rame haka. Ban san sanda na fashe da kuka ba, na zayyana mata komai, alhali maigidana ya ce kada wanda ya ji. Baba yana ɗaki yana jin mu. Ya fito ya zauna, sannan ya ce motarsa tana da inshora, duk shekara yana biya, bai taɓa neman komai a wajensu ba, kuma don irin wannan ranar ake biya. Wallahi Anti, ni duk zatona inshora wata takarda ce da ake miƙa wa jami'ai a hanya don su bar ka ka wuce. Ban taɓa sanin ana karɓar wani abu a jikinta ba.

Ya ɗauke ni muka je ofishin kamfanin. Matar da muka tarar ba ta wulaƙanta mu ba, amma rabin maganarta da Turanci ta yi, rabin da ta yi da Hausa ma bai shige ni ba. Ta ce me ya sa ba a sanar da su ba tun lokacin, akwai wa'adin da aka rubuta. Ta ce ina rahoton 'yan sanda. Ta ce sai likita ya rubuta cewa ciwon daga hatsarin ne. Ta duba takardar Baba ta ce ai ƙaramar inshora ce ba babba ba. Ni da na ji ƙarama sai jikina ya yi sanyi, na ɗauka shi ke nan, amma kuma ta ci gaba da bayani kamar akwai sauran magana. Abin da ya fi tsaya min shi ne da ta ce maigidana ne zai nemi hakkinsa a kan Baba. A kan Baba kuma? Ni na zo ne da Baba, a motarsa, shi ya kawo ni. Ta yaya zan nemi hakki a kansa? Har muka tashi ba ta ce za su biya ba, ba ta ce ba za su biya ba.

Muna fitowa wani mutum da ke zaune a bakin ƙofa ya biyo mu har mota. Ya ce shi ya san kan wannan harka, idan muka bi ta yadda matar ta faɗa za mu tsufa muna zarya. Wai a mayar da hatsarin sabo, a ce cikin makon nan aka yi, shi zai samo duk takardun, in kuɗi sun fito a ba shi rabonsa. Baba ya girgiza kai ya tayar da mota. Na shiga muka tafi. Amma ba zan ɓoye miki ba, maganar tana yawan dawo min. Ai hatsarin an yi shi da gaske, ciwon ma na gaske ne, kwanan wata kawai za a taɓa. Sai in yi istigfari, an jima ta sake dawowa.

Bayan nan kuma ɗansu Joel, wanda ke aiki a Jos, ya ji labari. Mama Cecilia da bakinta ta gaya min ya kira yana faɗa, ya ce kada babansa ya sa hannu a komai, kada ya amsa laifi a gaban kowa, za a iya ƙwace masa lasin ko a ja shi kotu da tsufansa. Wai ya ce wa ya sani ko daga saman wani gini maigidana ya faɗo daga baya, tunda an yi hoto ranar an ce lafiyarsa ƙalau. Wannan magana ta ƙona min rai, don Joel a gabanmu ya girma. Tun daga nan in na kira Baba gaisuwa kawai muke yi ya ajiye. Mama Cecilia tana karɓar kindirmo har yanzu, amma a bakin get, ta riƙe hannuna ta ce, “'Yata, ban san me zan ce miki ba.”

Maigidana kuwa da ya ji inda na je, ban taɓa ganin ɓacin ransa irin na ranar ba. Tun da muka yi aure bai taɓa ƙin cin abincina ba sai ranar. Ya ce na tona masa asiri. Ya ce shi a gaban jama'a ya furta ya yafe, ba zai zama mutumin da ke janye maganarsa don ya ga kuɗi ba. Ya ce ma shi ne ya taka birki, ba shi da hular kwano, takardun mashin ɗinsa sun daɗe da ƙarewa, in aka je caji ofis shi za a fara riƙewa. Yayansa Malam Izzuddeen ya zo ya ƙara da cewa kuɗin inshora akwai shubuha a ciki, ciwo ƙaddara ce, dangi za su haɗa abin da ya sawwaƙa. Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, amma su ma 'yan shanun da suke da su sun ƙare musu, har yau shiru. Ni kuma na taɓa jin wani malami a rediyo yana cewa inshorar da hukuma ta tilasta hukuncinta daban. Ban san wa zan bi ba.

Abin da ya sa na kasa haƙura shi ne, shekaranjiya da safe na leƙa bayan ɗaki na gan shi ya ɗaure guduma a hannunsa da tsumma, yana gwada buga ƙusa a wani guntun katako. Ƙusar sai lanƙwashewa take. Na koma da baya don kada ya gan ni. Da rana yana zaune sai ya ce min, ba tare da ya kalle ni ba, “Wai me matar ofishin nan ta ce muku?” Na buɗe baki zan fara, ya ce a'a, bar shi.

Anti, shin ciwon da ya fito bayan an ce mutum lafiyarsa ƙalau, inshora tana kallonsa, ko lokaci ya wuce mana? In mun nema, Baba muka kai ƙara ke nan? Wanda ya ce ya yafe, ya halatta ya karɓa? In bi mijina in yi shiru hannun ya ƙarasa mutuwa, ko in ci gaba in rasa shi da mutanen da suka riƙe mu? Wani lokacin ma sai in ce ko Joel ne ke da gaskiya, ko katakon ne ba motar ba, mu ne muke neman ɗora wa tsoho abin da ba shi ya yi ba. Na rasa ta inda zan kama.

Taki cikin ruɗani,
Maman Radiyya, Inkil


Wa alaikumus salam Maman Radiyya,

Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba maigida lafiya. Saƙonki bai hargitse ba. Magana uku ce ta cakuɗe miki wuri guda, ta asibiti, ta kamfani da ta zumunci, kowa kuma yana jan ki ta ɓangarensa. Bari mu raba su.

Hannun shi ne gaba da komai. Kada ku jingina hoton nan da inshora, domin ko kamfani ya amince, biyansa ba ya zuwa da wuri, jijiyar da aka daɗe ana dannewa kuwa ba kullum take farfaɗowa ba. Ki koma wajen likitan ki gaya masa gaskiya cewa rashin hali ne ya tsayar da ku, ki tambaya ko asibitin yana da ofishin da ke duba marasa ƙarfi, da yawansu suna da shi. Malam Izzuddeen ya yi alkawarin dangi za su haɗa. Ki je ki gaishe shi da ladabi, ki gaya masa ranar da likita ya ba ku, don alkawarin ya samu rana. Murɗa wuya kuma a daina shi daga yau. Idan kika ga ƙafafunsa sun fara rauni, ko yana tuntuɓe, ko fitsari yana kuɓuce masa, ko ciwon kai mai tsanani da amai, ko magana tana rikice masa, kada ki jira shawarar kowa, ku tafi asibiti a lokacin.

Sai inshora. Na tuntuɓi wanda ya san harkar kafin in ba ki amsa, kuma kalmar da ta sanyaya miki jiki ita ce ya kamata ta ƙarfafa ki. Ƙaramar inshorar nan ba ta gyara wa mai mota motarsa, an yi ta ne musamman saboda wanda motar ta buge. Wato saboda irin maigidanki. Da matar ta ce zai nemi hakki a kan Baba, nufinta sunan Baba ne zai hau takarda a matsayin mai motar, amma in sun amince, daga asusun kamfani kuɗin zai fito, ba daga fanshon tsoho ba. Abin da ya sa yake biya duk shekara ke nan, kuma shi da kansa ya gaya miki.

Ciwon da ke ɓoyewa ya fito daga baya ba baƙon abu ba ne, musamman na wuya. Likitoci sun san shi, kamfanonin ma sun san shi. Sai dai ba zan rufe ki ba, jinkirin da aka yi matsala ce ta gaske, za su iya kafa hujja da shi. Amma har yanzu ba wanda ya ce muku a'a. Maganar da aka yi a bakin tebur ba hukunci ba ce. Abin da ya dace shi ne Baba ya sanar da su a rubuce, da ainihin ranar da abin ya faru, ya bayyana cewa an yi shiru ne don asibiti ya ce babu rauni, a buga masa hatimi a kwafinsa ya riƙe. Ke kuma ki nemo katin asibitin farko da hoton da aka ɗauka ranar, in sun ɓace a koma can a nemi kwafi. Kina ganin hoton nan kamar ya ƙaryata ku, alhali shi ne shaidar cewa an yi faɗuwar, a rana kaza, a kan wannan kafaɗar. Ki roƙi likitan ƙashi ya rubuta abin da ya gaya miki yadda ya faɗe shi, har da zancen katakon. Ba sai wuyan mutum ya kasance sabo fil kafin a duba abin da hatsari ya yi masa ba. Mutumin da ke hawa rufi lafiya kafin ranar, ya kasa riƙe guduma bayanta, wannan ma magana ce, kuma akwai waɗanda suka gani.

Rahoton 'yan sanda ana iya yin sa ko an makara, in su biyun suka je tare suka faɗi abu ɗaya. Takardun mashin da hular kwano na iya jawo masa tara, kamfani kuma na iya cewa yana da nasa kason a laifin, su rage abin da za su bayar. Ragewa daban, hanawa daban. Kafin a je ko'ina, ku nemi lauya ya karanta takardar inshorar. Akwai ofishin gwamnati da ke ba marasa hali lauya kyauta, ki tambaya a harabar kotu za a nuna miki. In kamfani ya ƙi, ku ce ya ba ku dalilinsa a rubuce, akwai hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin inshora, tana karɓar koke. In kuma sun kawo wani abu suka ce a sa hannu an rufe magana, kada a sa sai likita ya faɗi inda ciwon zai tsaya. Ban yi miki alkawarin za su biya ba. Na ce ƙofar ba ta rufe ba, kuma tana ƙara matsewa da kowane jinkiri.

Mutumin bakin ƙofa kuwa, ki cire shi a ranki gaba ɗaya. Kwanan watan da kike gani ƙaramin abu shi ne zai mayar da mai gaskiya maƙaryaci. Katin asibitin farko yana nan da ranarsa, mai gyaran mashin yana nan. Ranar da aka gano, mutumin zai ɓace, a bar maigidanki da Baba da tuhumar zamba. Kotun da Joel ke tsoro, ta nan za ta zo.

Joel ba maƙiyinku ba ne. Ɗa ne da ke nesa da iyayensa tsofaffi, aka kira shi a waya aka ce ga inshora ga 'yan sanda, ya firgita. Zargin da ya yi bai kyauta ba, amma cewa kada babansa ya sa hannu a abin da bai karanta ba, daidai ne. Ki bar masa ƙofa. A tura masa katin asibitin da bayanin likita, a ce ya zo a je wajen lauyan da shi. Kuma akwai gaskiya guda a cikin tsoronsa da ya kamata ki sani tun yanzu: idan kamfani ya ƙi har ya zama saura kotu, sunan Baba zai shiga ƙarar. Ba ku kai nan ba, wataƙila ba za ku kai ba. In an kai, wannan sabuwar shawara ce, kuma kuna da ikon tsayawa a nan.

Yanzu maigida. Fushinsa yana da tushe. Ya ce a rufe, kika buɗe, ko da kuka ne ya buɗe miki baki. Ki ba shi haƙuri a kan wannan, haƙuri na gaske, ba wanda ake bi da “amma” ba. Kada kuma ki sake zuwa wani ofis a bayan idonsa. Jikinsa ne, maganarsa ce, kuma ba abin da zai tafi sai da sa hannunsa.

Yafiyar da ya yi abin a yaba ce. Ya ga tsoho cikin haɗari, ya kare shi da abin da yake da shi a lokacin, wato bakinsa. Ba wanda ya ce ya janye. A fahimtata, abin da ya yafe shi ne riƙo da ramuwa, kuma har gobe bai riƙe Baba da komai ba. Ya yafe ƙujewa da targaɗen da ya gani, bai san akwai hannu a ciki ba. Ni ba malama ba ce, ba zan yi fatawa ba. Malamai sun yi saɓani a kan inshora, kuma na sha jin ana cewa ba a yanke maganar rauni sai an ga ƙarshensa. Ku sami malamin da shi maigidan ya yarda da shi, a je da Malam Izzuddeen, a faɗi labarin dukansa: yadda aka yi yafiyar, wanda zai biya, da cewa mai motar ne ya fara kawo shawarar. Abin da malamin ya faɗa ya fi nawa. Idan bayan duk wannan maigida ya ce shi dai a bar maganar, to ki bar ta da zuciya ɗaya, ku sa ƙarfinku a magani. Mutum yana da ikon barin hakkinsa. Abin da ba shi da kyau shi ne ya bar shi cikin rashin sani.

Sai dai ban ga alamar ya rufe ba. Wanda ya gama yanke shawara ba ya tambayar me aka ce a ofis. Yana son ji, kunya ce ta hana, kuma daga bakinki zai yi masa nauyi. Akwai abin da na lura da shi a saƙonki: kin yi magana da Baba, kin yi da Mama, Joel ya yi da iyayensa, yaya ya yi da ƙaninsa, amma mutum biyun da abin ya faru a kansu ba su zauna ba tun da ciwon ya fito. Ina zaton kowannensu nauyin ɗaya yake ji. Tsohon yana ganin shi ya nakasa mai ciyar da gida, maigidanki yana ganin in ya nuna hannun kamar ya zo karɓar wani abu ne. Ki roƙi Mama Cecilia alfarma guda, Baba ya zo duba mara lafiya, dubiya kawai, ba takarda ba lauya. In ya zo, ki shimfiɗa musu tabarma, ki kai ruwa, ki ja yaranki ku shiga ciki. Abin da kuka yi ta ɗauka kuna kaiwa da komowa, su biyun za su iya gama shi a zama ɗaya.

Kin yi ƙoƙari, ƙanwata, fiye da yadda kike zato. Ki ci abinci, ki samu barci, gidan nan yana tsaye ne da ƙafafunki a yanzu. Allah ya tashi kafaɗar maigida, ya mayar masa da ƙarfin hannunsa, ya bar ku da mutanenku cikin mutunci.

Taku,
Anti Zubaida